Munduwar shiga da biyan kuɗi a wurin shaƙatawa: amsa ga mai wurin wasa a Gombe

Wani Alhaji da ke da wurin shaƙatawa a bayan garin Gombe, mai lilo da motocin yara da wurin ninƙaya da 'yan ɗakunan kwana, shi ya aiko da tambayar. Ya ce duk Sallah wurin na cika maƙil, amma kuɗin da ake kawo masa da daddare ba ya kai yawan kawunan da idonsa ya gani. Tikitin takarda na jiƙewa, wani a sake sayar da shi, rigimar canji kuma ba ta ƙarewa. Ɗansa ya nuna masa bidiyon munduwar roba da ake ɗaura wa baƙi a wurin shaƙatawa na Disney da ke Amurka, da ita suke shiga, su sayi abinci, su buɗe ɗaki. Yana so ya san yadda take aiki, abin da zai saya, da ko za ta yi a nan.

Alhaji, ranka ya daɗe, za ta yi. Sai dai kada ka fara da zaɓen munduwa, domin ita ce mafi arha kuma mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya. Ka fara da tambayoyi biyu: ina kuɗin baƙo zai zauna bayan ya biya, kuma me zai faru da ƙarfe biyar na yammacin ranar Sallah idan an ɗauke wuta sabis kuma ya tsaya cak. Duk ɗan kwangilar da bai amsa maka waɗannan a rubuce ba, kada ka ba shi ko sisi.

A cikin munduwar akwai ɗan mitsitsin cif, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai ajiye bayani, da siririyar waya da aka naɗe kewaye da shi. Ba ta da batir. Idan aka kusanta ta da na'urar karantawa, na'urar ce ke ba ta ɗan ƙarfin da za ta farka ta faɗi lambarta. Wannan fasahar ita ake kira RFID, kuma iri uku ne a kasuwa. Akwai mai aiki a kilohaz 125, irin ta tsofaffin katunan buɗe ƙofar ofis. Lamba kawai take faɗa, ba kariya, ana kwafe ta da 'yar na'urar da ake sayarwa a intanet cikin daƙiƙoƙi, don haka ka manta da ita. Akwai mai dogon zango, wadda ke tsakanin megahaz 860 zuwa 960, ana karanta ta daga nisan mitoci. Tana da kyau wajen ƙirga kaya a sito, amma ruwa da jikin mutum suna shanye siginarta, sannan ba ka son na'urar mai askirim ta cire kuɗin wanda ya gifta kawai. Taka ita ce ta tsakiya, mai megahaz 13.56, wadda ake kira NFC, irin wadda ke cikin katin banki na dangwalawa da wayoyin Android da yawa. Sai an kawo ta kusa, santimita biyu zuwa huɗu a aikace, kafin ta amsa. Wannan gajeren zangon shi ne amfaninta, domin ba a cire wa mutum kuɗi sai ya miƙa hannu da kansa.

Ta Disney da aka nuna maka, MagicBand, ta fito a 2013 a Walt Disney World da ke jihar Florida a Amurka, cikin wani tsari da rahotanni suka ce ya ci kusan dala biliyan 1. Tana ɗauke da cif na dangwalawa, da kuma wani mai batir da ke aika sigina daga nesa. Abin lura shi ne ba a ajiye kuɗi a jikinta. Tana nuna asusun baƙo ne a kwamfutocin kamfanin, kuma wajen sayayya ana neman lambar sirri. Tun 2021 ma suka ba mutane damar yin abu ɗaya da wayarsu. To kada kyan robar ya ɗauke maka hankali.

Ko a cikin NFC ɗin, cif cif ne. Wanda 'yan kwangila suka fi kawowa saboda arha shi ne MIFARE Classic, kuma masu bincike sun fasa makullin sirrin da ke kare bayanansa tun 2008. Abin da ya fi muni, da yawa ba sa ma canza makullin da ya zo da shi daga masana'anta, wato harafin F sau goma sha biyu, wanda kowane yaro mai manhajar NFC a waya ya sani. Ka rubuta a yarjejeniya cewa ba ka yarda da shi ba ga duk abin da ya shafi kuɗi ko ƙofar ɗaki. Ga masu kwana da masu rajistar wata, ka nemi MIFARE DESFire EV2 ko EV3, mai makullin sirri mai ƙarfi da ake kira AES. Ga baƙon yini ɗaya da ɗan kuɗi kaɗan, Ultralight C ya isa. NTAG213 yana da arha, wurin rubutunsa bayit 144 ne, ya dace da shaidar shiga kawai. Sannan ka tambayi ɗan kwangila kai tsaye: tsarinka lambar cif kawai yake karantawa, ko yana tantance makulli? Idan lamba ce kawai, to ko DESFire ka saya ka yi asarar kuɗinka, domin ana sayar da cif ɗin da ake rubuta masa lambar wani. Makullan sirrin kuma naka ne, a miƙa maka su a rubuce ka kulle a wurinka. Wanda ya bar su a hannun ɗan kwangila, duk ranar da suka saɓa sai ya zubar da mundayensa da makullan ɗakunansa duka.

Yanzu maganar inda kuɗi zai zauna, wadda a kanta ake samun riba ko a yi kuka. Hanya ta farko, a rubuta kuɗin a jikin cif: baƙo ya loda naira dubu biyar, kowace na'ura ta rage abin da ya kashe ta sake rubuta ragowar. Wannan ba ya buƙatar netwok ko kaɗan. Illarsa, idan munduwa ta ɓata kuɗin ya bi ta, idan kuma yaro ya fizge hannu ana tsakiyar rubutu, cif mai arha na iya tsayawa da rabin lissafi, ragowar ta zama shirme. DESFire na da kariya daga wannan, ko dai rubutun ya kammala ko ya koma yadda yake. Hanya ta biyu, munduwa ta zama kamar lambar da mai gadin babura ke ba ka a bakin kasuwa: lambar ce a hannunka, babur ɗin yana wurinsa. Kuɗin na cikin babbar kwamfuta, kowace na'ura sai ta tambaye ta kafin ta amince. A nan ana iya toshe munduwar da ta ɓata a mayar wa mai ita kuɗinsa a wata, kuma kana ganin ciniki yana shiga nan take.

Shawarata ita ce ta biyu, da sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa a kai: babbar kwamfutar ta zauna a cikin harabarka, ba a intanet kaɗai ba. Kowa a Gombe ya san yadda sabis ke yi ranar Sallah idan jama'a suka taru wuri ɗaya kowa na ɗora hoto. Ka sa ƙaramar kwamfuta a ofis, ka ja wayar netwok zuwa ƙofar shiga da teburan lodi, ka sa Wi-Fi naka na cikin gida wanda baƙi ba su san lambarsa ba don na'urorin hannu. Wayar netwok irin Cat6 ba ta wuce mita 100 a ja ɗaya, idan wurin ninƙaya ya fi haka nisa sai a sa na'urar haɗi a tsakiya ko a ja fayiba. Intanet aikinsa kawai ya kwashe kwafin lissafi zuwa waje, ya kuma nuna maka ciniki a wayarka. Bayan haka a saita kowace na'urar hannu ta iya karɓar ciniki ko ta rabu da kwamfutar, amma da iyaka, misali kada ta wuce naira dubu biyu a kan munduwa ɗaya har sai ta sake haɗuwa. Za ka iya yin 'yar asara a wannan tazarar, amma asara ce da ka san iyakarta, kuma ta fi layin mutum ɗari suna zage-zage a gaban mai masa.

Wuta kuma lissafi ne. A ce kwamfuta da rauta da na'urorin haɗi da ƙofofi biyu da cajin na'urorin hannu sun tashi wat 300. Awa goma na aiki ya zama kilowat-awa 3. Batir biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 200 suna ɗauke da 4.8 a takarda, amma irin na ruwa rabi ake ja idan ana so ya yi ƙarko, wato 2.4, bai isa ba. Ko ka sa huɗu, ko ka sayi na litiyom mai kilowat-awa 5, da inbata da sola a layinsu daban, kada a jona musu firij ko injin ruwa. Janareta ba ya maye gurbin wannan, domin daƙiƙoƙin da ake yi kafin a sauya layi sun isa su kashe kwamfuta tana tsakiyar rubuta ciniki.

Jikin munduwar ya danganta da wanda zai ɗaura. Ta yini ɗaya ana yin ta da Tyvek, wata takarda mai kama da leda da ba ta yagewa da sauƙi, bakinta na da gam da 'yan tsage-tsage yadda duk wanda ya ɓalle ta sai ta lalace. Tana jure ruwa na yini, amma gam ɗin ba ya shiri da basilin da man shafawa, yaranmu kuma ranar Sallah a shafe suke fes. Gam ya manne a kan munduwar kanta, kada ya taɓa fata, mai ɗaurawa ya danna na daƙiƙa biyu ko uku. Kwalayen kuma kada a ajiye su a kwantena ko bayan mota a zafin Maris da Afrilu, gam zai saki tun ba a buɗe ba. Ga masu shiga ruwa da masu kwana biyu ko uku, ta leda mai maɓallin da ba ya ɓalluwa sai an yanke ta fi. Ta roba mai laushi kuwa ana wanke ta a sake amfani da ita, to amma ana cire ta a miƙa wa wani ta kan katanga, kuma yara na tafiya da ita gida don sha'awa. In za ka yi amfani da ita, ka karɓi kuɗin ajiya da ya ɗan fi farashinta, a mayar wa mutum idan ya dawo da ita.

Akwai abubuwan da mai sayarwa daga Sin ba zai gaya maka ba domin bai san mu ba. Mutanenka za su yi alwalar azahar da la'asar da magariba da munduwar nan a hannu. A bar sararin da yatsa ɗaya zai shiga, yadda za a iya motsa ta ruwa ya ratsa ƙarƙashi. Yatsa biyu ya yi yawa, ƙaramin hannu zai zame ya fita. Ka sa mata a layin mata, domin magidanta da yawa ba za su yarda saurayi ya riƙe hannun iyalinsu yana ɗaura abu ba, kuma suna da gaskiya. Awarwaro da agogon ƙarfe suna dagula siginar cif, sai ka ga Hajiya tana ta dangwalawa na'ura ta yi shiru. A ɗaura a hannun da ba ƙarfe, cif ɗin yana ta bayan hannu inda fuskar agogo ke zama. Jariri da ƙaramin yaro da hannunsa ya yi siriri, a nemo ƙaramin awo, kada a ninke babbar, ninki na karya wayar ciki. Idan hunturu ya shigo kuma, ƙura ba ta hana cif aiki, amma tana cinye ƙofa mai juyawa da fankar kwamfuta. A riƙa busawa duk mako, na'urorin waje su kasance masu lambar IP65 ko sama, wato waɗanda ƙura da feshin ruwa ba sa shigarsu.

Wurin da cunkoso zai kama ka ba ƙofa ba ne. Mu ɗauka mutum 3,000 za su zo, rabinsu tsakanin la'asar da magariba, wato 1,500 cikin minti 120, kusan mutum 13 a minti. Ƙofa ɗaya da mutum ke wucewa cikin daƙiƙa huɗu tana ɗaukar 15 a minti, biyu sun wadatar har da ta ko-ta-kwana. Amma a teburin sayarwa, idan iyali mai mutum biyar na cin minti biyu wajen biya da rajista da ɗauri, iyali 300 za su ci minti 600, ka ga tebur biyar kake buƙata kafin layi ya daina tsawo. Ka raba aikin: wani na karɓar kuɗi, wani can gaba yana ɗaurawa. Ka fara sayar da mundaye tun kwana uku kafin Sallah a wani shago cikin gari. Teburin ƙara kuɗi kuma ya kasance a ciki, kusa da masu abinci, kada wanda kuɗinsa ya ƙare ya koma layin masu shigowa.

Satar da kake kuka da ita ba za ta mutu ba, za ta sauya wuri ne ta koma teburin lodi. Ma'aikaci na iya loda wa abokinsa dubu goma ba a ba shi ko kwabo ba. Maganinsa kowane ma'aikaci ya shiga na'ura da nasa katin da lambarsa, a sa masa iyakar abin da zai iya lodawa, kuma a tashi aiki a haɗa abu uku: abin da kwamfuta ta ce ya loda, tsabar da ke akwatinsa, da takardar POS. Soke ciniki da mayar da kuɗi sai da katin manaja. Mundaye a ba kowa da ƙirga da jerin lambobi, safe a rubuta, dare a ƙirga ragowa har da waɗanda suka lalace. Taransfa kada a yarda da hoton waya ko saƙon da baƙo ya nuna, sai na'urarka ta nuna kuɗin ya sauka. A ƙofa a kunna dokar da ke hana munduwa shiga sau biyu ba ta fita ba. Sannan ka gwada wani abu da kanka kafin ka karɓi aiki: ka dangwala sau biyu da sauri a na'urar mai sayarwa, ka kuma kashe Wi-Fi ana tsakiyar ciniki ka kunna. Idan kuɗi ya fita sau biyu, tsarin ba ya ba kowane ciniki lambarsa ta daban, a gyara kafin ka biya sauran kuɗin kwangila.

Masu sayar da abinci a cikin wurinka, mai balangu da mai masa da mai fura da nono, jarinsu na yau shi ne cefanen gobe. Idan ka ce sai ƙarshen mako za ka biya su, za su koma karɓar tsaba a ɓoye, tsarin ya rushe. Ka biya su duk dare, da takardar da ke nuna cinikin kowa da kason da ka cire, kuma na'urar ta riƙa nuna wa mai ita jimillar cinikinsa a kowane lokaci.

Ragowar kuɗin baƙo amana ce a hannunka, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Wanda ya loda dubu goma ya kashe bakwai, dubu ukun nan nasa ne. Wasu wuraren na sa mayarwar ta yi wuya da gangan don mutane su haƙura su tafi. Kada ka yi haka, hakki ne, kuma a gari irin Gombe labari ba ya kwana. Ka buɗe teburin mayarwa a bakin fita, ka tanadi ƙananan kuɗi, wanda ya gaji da layi a tura masa ta asusunsa cikin kwanakin da ka rubuta a allo da Hausa da Turanci. Kuɗin da aka loda ba a kashe ba ka ware shi a asusu daban, ba ciniki ba ne tukuna. Ka tsare tsarin a cikin harabarka kaɗai. Ranar da ka bar munduwa ta yi sayayya a shagon waje, ko wani ya tura wa wani kuɗi da ita, ka shiga hurumin da Babban Bankin Najeriya ke ba da lasisi, sai ka ga lauya tukuna. Za ka iya aron ma'auni daga bankin ma: a ƙa'idar biyan kuɗi ta dangwalawa da ya fitar a 2023, ya sa iyakar naira 15,000 a ciniki ɗaya da 50,000 a yini, abin da ya haura sai an tantance mai shi. Kai ma duk cinikin da ya wuce wani adadi a nemi lambar sirri.

Wajen rajista ka karɓi kaɗan: suna ɗaya da lambar waya sun isa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora maka nauyin tsare abin da ka tara, kuma bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai kula da shi. A haɗa mundayen yara da ta uba ko uwa, kowane yaro da iyakar abin da zai kashe. Wannan haɗin na da wani amfani da ya fi ciniki: yaron da ya ɓace cikin taro yana kuka bai san lambar kowa ba, mai gadi ya dangwala hannunsa lambar babansa ta fito.

Ɗakunan kwana su zo daga baya. Makullin otal na kati yawanci da batir AA huɗu yake aiki, ba ya haɗe da netwok, yana duba lambar ɗaki da ranar fita da aka rubuta a cif ne ya gwada da agogon cikinsa. Idan batir ya mutu agogon na iya rikicewa, baƙo ya tsaya a ƙofa da tsakar dare da munduwa mai kyau ƙofa ta ƙi buɗewa. A sauya batir bisa jadawali, a daidaita agogo bayan kowane sauyi, makullin ƙarfe na gaggawa yana wurin manaja. Kafin ka yi odar mundaye, ka ɗauki samfur ka gwada a jikin makullin da kansa, domin kamfanonin makulli da yawa cif ɗin da suka tsara kaɗai suke karɓa.

Game da lokaci, kada ranar Sallah ta zama ranar gwaji. Ka nemi samfur guda hamsin tukuna, a jiƙa wasu a ruwan wurin ninƙaya yini guda, a bar wasu a rana, a ɗaura wa yaran ma'aikata su yi ta guje-guje da su. Odar gaske ka ba ta aƙalla wata biyu saboda bugu da jigila da kwastan, ka ƙara kashi goma cikin ɗari a kan ƙiyasinka don masu lalacewa, kowace ranar biki da launinta. A Ƙaramar Sallah ka tsaya a kan shiga da hawa lilo kawai, abinci a ci gaba da biya da tsaba da POS. A ranakun Asabar da Lahadi da ke biye ka shigo da masu abinci biyu ko uku, ka ga inda lissafi ke karkacewa. Tsakanin Sallah biyu akwai wajen kwana saba'in, sun isa ma'aikata su saba, sai ka buɗe biyan kuɗi gaba ɗaya a Babbar Sallah. Ko a ranar, ka ajiye littafin tikitin takarda mai lamba a cikin durowar manaja, kuma kowane mai tsaron ƙofa ya san wanda ke da ikon cewa a fito da shi. Allah ya sa albarka a kasuwa.